Sun ce injin bai tsaya ko minti ɗaya ba, amma rabin kwantenata ya ruɓe. Laifin wa?

Uwar Lambu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san harkar kwantenar sanyi, wadda 'yan tasha ke ce wa rifa, ya warware mini wani abu da ya hana ni barci mako biyu ke nan.

Shekara huɗu ina tura mangwaro waje ta jirgin sama, kwali ɗari biyu, ɗari uku, gwargwadon abin da aka nema. Kuɗin dako ne ke lashe ribar, sai bana mai sayen ya ce mu gwada jirgin ruwa, zai ɗauki kwantena guda mai ƙafa 40. Na yi murna. Na cike takarda na ce a sa sanyi a digiri 12, aka kawo kwantena, muka loda, aka rufe aka buga hatimi. Ta yi kwana 19 a ruwa, da kwana uku a tashar can kafin a fitar da ita.

Da suka buɗe ya aiko mini hotuna, wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Kwalayen da ke can ƙurya kusa da injin lafiyarsu ƙalau, kore shar kamar yau aka tsinko. Daga tsakiya zuwa bakin ƙofa kuwa duk sun nuna sun yi luguf, wasu har sun fara ruwa, gindin kwalayen ya jiƙe ya lotse. Na yi wa kamfanin jirgin magana, suka turo mini takardar da injin ke rubutawa da kansa, suka ce in duba, digiri 12 ne tun ranar farko har ta ƙarshe, su ba ruwansu.

To idan injin ya yi aikinsa, me ya dafa mini kaya? Kuma inshorar da na biya, za ta biya ni? Akwai ta uku: wani ya ba ni shawara wai nan gaba in cika rabi da mangwaro, rabi da daskararren kifi, don kada in zuba ƙwaina duka a abu ɗaya. Hakan na yiwuwa?

Tsohon Makaniki ya amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina gyaran waɗannan injuna, Carrier da Thermo King da Daikin duk sun ci mini farce, don haka kafin in ce komai ina so ki amsa mini abu uku.

Takardar da suka turo miki layi biyu gare ta, ba ɗaya ba. Akwai zafin iskar da injin ke hurawa, akwai na iskar da ke komawa cikinsa bayan ta ratsa kayan. Na farkon ne suka nuna miki. Ki duba na biyun ki gaya mini abin da ya rubuta a kwanakin farko. Sannan daga ina mangwaron ya shiga kwantena, daga ɗakin sanyi ko daga rumfa? Kuma akwai wani jan layi a jikin bango ta ciki, kusa da rufi. Kayanki sun tsaya ƙarƙashinsa ko sun haye?

Uwar Lambu ta amsa:

Baba, na duba. Layi na biyu ya fara ne da 27, washegari 24, bai sauko kusa da 13 ba sai a kwana na bakwai. Ni ban ma san akwai shi ba.

Daga rumfa muka loda, da rana, don direban na ta yi mana ƙorafin lokaci. Na ɗauka ai firji ce, ita za ta sanyaya. Jan layin kuma na gan shi, amma da sauran kwali suka rage sai na ce yara su ɗora a sama, kada a bar wuri banza. Mun kuma naɗe kowane falet, wato dandamalin katakon da ake jera kwalaye a kai, da leda tun daga ƙasa har sama don kada kwalaye su zube.

Tsohon Makaniki ya amsa:

To Hajiya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Amsar tana cikin bayaninki.

Rifa ba a yi ta don ta sanyaya kaya ba. An yi ta ne don ta riƙe sanyin da kaya suka shigo da shi. Ƙarfin injin ya isa ya kori zafin da ke ratsowa ta bango da wanda 'ya'yan itace ke fitarwa a hankali, amma bai isa ya janye zafin rana daga cikin tan ashirin na mangwaro cikin kwana ɗaya ba. Ke kin zuba mata kaya masu digiri 27 ko fiye, ta yi mako guda tana fama. A cikin makon nan ne aka yi ɓarnar, sauran kwanakin jirgin gawa kawai ya ɗauko.

Dalili shi ne ɗan itace yana da rai ko bayan an tsinke shi. Yana numfashi, yana fitar da zafi, kuma duk ƙarin digiri 10 numfashin nan yana ninkawa sau biyu ko uku. Mangwaro kuma na cikin masu fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce ke sa nuna. Ɗaya ya fara nuna, sai ya busa wa na kusa da shi, su ma su kama, zafi ya ƙaru, numfashi ya ƙaru. Da zarar wannan ya kankama, sanyi sai dai ya rage masa gudu, ba ya mayar da shi baya.

Yanzu ki zo mu shiga cikin kwantenar, ki ga abin da ya sa na ƙurya suka tsira. Ki dubi daɓenta, ba shafaffe ba ne, dogayen layukan alminiyam ne da kwari a tsakaninsu tun daga injin har ƙofa. Ta nan ƙasa injin ke tura iska mai sanyi. Ana so ta bi kwarin nan har bakin ƙofa, ta riƙa tasowa ta ramukan kwalaye, ta fito sama, ta bi ƙarƙashin rufi ta koma injin. Jan layin nan iyakar hanyar komawarta ce. Da kika ɗora kwali a samansa, kin toshe hanyar. Da kika naɗe falet da leda, kin rufe ramukan da za ta bi ta shiga jikin kayan. Ita kuma iska malalaciya ce, inda ta ga sauƙi nan take bi. In ta sami ɗan fili a daɓe kusa da injin, sai ta fito ta nan ta juya ta koma, ba ta je ƙofa ba sam. Shi ya sa masu lodi da suka ƙware ke rufe duk wani fili a daɓe da kwali shimfiɗaɗɗe, kuma su jera kwalaye rami bisa rami, kusurwa bisa kusurwa. In ana tsoron zubewa, raga ake sawa ko ɗamara, ban da leda.

Kwantena mai ƙafa 40 falet 20 take ɗauka na mita ɗaya da mita 1.2. Abin da ya rage ya rage, a bar shi.

Kuma kada wani ya ce miki maganin shi ne a rage sanyi sosai. Mangwaro in ya sauka ƙasa da digiri 10 ya daɗe, sanyi na ƙona shi, fatar ta yi toka-toka, ya ƙi nuna da kyau. Ayaba ta fi shi raki, wajen 13 zuwa 14 ake kai ta. Tuffa da inabi kuwa kusa da sifili suke so. Kowane kaya da nasa.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da aka ba ki ta rabi da rabi. Wanda ya ba ki ita bai taɓa shiga rifa ba. Injin ɗaya ne, saiti ɗaya ne. Daskararren kifi yana son digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye da haka sanyi, da tagar iska, wato 'yar kafar da ke shigo da iskar waje, a rufe ruf, a kuma jera shi a matse kamar bulo don iskar ta kewaye shi ta waje kawai, tunda shi ba ya numfashi. Mangwaro yana son 12 sama da sifili, da taga a buɗe don etilin ta fita, iska kuma ta ratsa cikinsa. Ko 'ya'yan itace biyu ba kullum suke zama tare ba. Ki haɗa tuffa da kiwi ki ga yadda etilin ɗin tuffa zai laushe kiwin.

Ƙarin abu guda da mutane ke yi da kyakkyawar niyya: kunna inji a sanyaya kwantena kafin lodi, sannan a wangale ƙofa a fili. Iskar waje mai ɗumi na shiga, sai gumi ya keto a rufi da bango, ya ɗiga kan kwalaye, ya kuma daskare a jikin injin. In ba ki da ɗakin sanyi wanda bakinsa ke haɗuwa da bakin kwantena ba tare da iskar waje ta shiga ba, a kashe inji, a loda kaya masu sanyi da sauri, a rufe, sannan a kunna.

'Yar Takarda ta amsa:

Sannu Yaya, Allah ya kiyaye gaba. Ni aikina fitar da kaya da cike takardu, bari in taɓa maganar inshora tunda Baba ya gama da injin.

Gaskiya da wuya su biya ki, kuma layi na biyun nan da kika karanta shi ne zai zama hujjarsu. Kusan duk inshorar kayan ruwa tana cire abu uku: lalacewar da ta fito daga ɗabi'ar kayan kansu, rashin shirya su ko ɗaure su yadda ya kamata, da jinkiri. Ki lura da na ƙarshen, mutane da yawa ba su san shi ba. Jirgi ya makara kaya suka ruɓe, inshora ta gama-gari ba ta biya. A sharuɗɗan da aka fi amfani da su na daskararren abinci kuma akwai wani sharaɗi: in lalacewar inji ce ta jawo, sai ya tsaya awa 24 a jere kafin a lissafa. Ya tsaya awa 20, ya tashi, ya sake tsayawa awa 15, ba su cika ba.

Ki kuma duba da wane sharaɗi kuka yi ciniki. In CIF ne, wato mai sayarwa ke biyan dako da inshora, a ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa na Incoterms na 2020 abin da aka wajabta wa mai sayarwa shi ne mafi ƙarancin inshora, wadda ke rufe irin su gobara da nutsewa da karo. Canjin sanyi ba ya ciki. Sai an nemi ta kayan sanyi musamman, da suna, an rubuta.

Shi ma kamfanin jirgi, ko da laifinsa ne, ba duka yake biya ba. Inda ake bin dokokin Hague-Visby, wato dokokin ƙasa da ƙasa na dakon kaya a teku, iyakar abin da ke kansa SDR 2 ne a kowane kilo ko 666.67 a kowane ƙunshi, wanda ya fi yawa. SDR ɗin nan ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Kuma akwai lokaci: ɓarnar da ido ke gani a sanar a rubuce ranar karɓa, wadda ba ta bayyana ba cikin kwana uku, ƙara kuma cikin shekara ɗaya. Don haka mai karɓa in ya buɗe ƙofa ya ji wari, ya dakata da sauke kaya, ya ɗauki hoto, ya kira mai binciken inshora da wakilin jirgi su gani da idonsu. In ya kwashe ya zubar sannan ya kira, magana ta mutu.

Kwana ukun da kika ce ta yi a tasha ma sa'a kika yi. Na ga kwantenar da ta yi mako biyu saboda harafi ɗaya a takardar lafiyar tsirrai bai dace da na takardar lodi ba. Kowace rana ana lissafa kuɗin wuta da kuɗin wuri da tarar riƙe kwantena, kuma kwanakin kyauta na rifa, waɗanda ba a cin tara a cikinsu, ba su kai na kwantenar busassun kaya ba. Kafin ki tsinke ko ɗa ɗaya, ki sa mai sayen ya aiko miki da abin da ƙasarsa ke buƙata a rubuce. 'Ya'yan itace takardar lafiyar tsirrai suke so, kifi da nama ta likitan dabbobi ko hukumar abinci, wasu ƙasashen kuma sai masana'antar da ta sarrafa tana cikin jerin waɗanda suka amince da su. Amurka tana son a sanar da hukumarta ta abinci da magunguna, FDA, aƙalla awa 8 kafin jirgin ruwa ya iso. Tarayyar Turai tana da nata tsarin sanarwa na intanet mai suna TRACES. Hatta katakon falet sai da tambarin ISPM 15, shaidar an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko an turara shi da magani, don kashe ƙwari. Tun ranar 1 ga Yulin 2016 kuma ba a ɗora kwantena a jirgi sai an ba da tabbataccen nauyinta.

Ɗan Teku ya amsa:

Hajiya sannu da haƙuri. Baba ya faɗi gaskiya a kan wannan kwantenar, amma da izininsa, ba na so ki tafi da tunanin cewa kullum laifin mai kaya ne. Na yi shekaru a jirgi ina zaga rifa safe da yamma da littafi a hannu, na ga abin da ke faruwa ta ɓangarenmu.

Rifa ba ta da wutar kanta. A jirgi da tasha jona ta ake yi, wuta mai layi uku, bolt 380 zuwa 460. A mota sai an maƙala mata janareta. Tsakanin waɗannan akwai giɓi: an cire ta daga mota tana jiran a jona, an sauke ta a wata tasha za a canza jirgi, direba ya kashe janareta don ya rage mai. Daskararren kaya da aka jera a matse yana jure 'yan awoyi, sanyin jikinsa na riƙe shi. Ɗanyen kaya ba ya jurewa haka. Saboda haka in kina da zaɓi tsakanin jirgin da zai kai kai tsaye da wanda zai yi canji sau biyu amma ya fi araha, ki ɗauki na farko.

Na taɓa ganin kwantenar kaji da mai ita ya rubuta 0 kawai. A ma'aunin Faranhait yake nufi, wanda ya yi daidai da 18 ƙasa da sifili a Salshiyas. Wanda ya saita ya sa 0 na Salshiyas. Injin ya yi aikinsa lafiya lau har ƙarshen tafiya, kajin kuma sun narke. Don haka ki rubuta digiri da ma'auninsa da alamar sama ko ƙasa da sifili, da lamba da kuma kalmomi. Tagar iska ki rubuta ta da kubik mita nawa a awa, kada ki ce rabi ko kwata, don girman tagar ya bambanta daga inji zuwa inji. In an kawo kwantena ki je da kanki ki dubi allon injin kafin a fara lodi, ki ɗauki hotonsa, ki shiga ki shinshina ko akwai warin kayan baya.

Ki kuma sayi naki ƙananan na'urorin rubuta zafi, ki cusa cikin kwalaye, ɗaya a ƙurya, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin ƙofa. Injin iska yake aunawa, naki kuwa kayan suke aunawa. In kin ga layin ya ɗan yi tsalle duk bayan wasu awoyi kada ki firgita, injin ne ke narkar da ƙanƙarar jikinsa.

Maganar toshe iska da Baba ya yi ta tuna mini da jirgin Dunedin. Ranar 15 ga Fabrairun 1882 ya tashi daga Port Chalmers a Niyu Zilan da gawar tumaki kusan 5,000 a daskare, jirgi mai filafilai da injin sanyi mai cin gawayin kwal. Da suka shigo yankin zafi iska ta ɗauke, aka lura sanyi ba ya zagawa a rumbun jirgin. Kyaftin John Whitson da kansa ya rarrafa ciki da zarto ya buɗe ƙarin ramuka, sanyi ya kusa kashe shi, da igiya aka jawo shi waje. Bayan kwana 98 suka isa Landan, gawa ɗaya tak aka ce ba ta ciyuwa. Tun a wancan lokacin injin lafiyarsa lau, hanyar iska ce ta toshe.

Kuma ki riƙa barin rara a lissafin kwanaki. A Maris na 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suwez kwana shida. A ƙarshen 2023 jirage da yawa sun bar Bahar Maliya suka riƙa zagayawa ta kudancin Afirka, abin da ya ƙara wa tafiya tsakanin Asiya da Turai kwana goma ko fiye. In kayanki kwana 25 suke jurewa, tafiyar kuma 22 ce a takarda, ba ki da rara. A irin wannan ne ake neman kwantenar da ke rage iskar oksijin daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 2 zuwa 5, 'ya'yan itacen su yi kamar barci. Ta fi tsada, kuma ki gargaɗi masu sauke kaya kada kowa ya faɗa cikinta da an buɗe ƙofa sai ta sha iska, don mutum na iya sumewa nan take.

Tsohon Makaniki ya amsa:

Haka ne ɗana, na yarda. Ni ma na sha buɗe inji in tarar an ce an yi masa gwajin kafin tafiya, alhali takarda kawai aka manna. Hajiya ki nemi shaidar gwajin da kwanan watansa.

Uwar Lambu ta amsa:

Na gode Baba, na gode ƙanwata, na gode Malam Ɗan Teku. Maganar ta yi ɗaci amma na fahimta. Na kira mai sayen mun yi magana, zan ɗauki kashi mafi yawa na asarar, shi kuma ya yarda mu sake gwadawa da kwantena ɗaya kafin kaka ta wuce. Na sami ɗakin sanyi na haya mai fankar da ke zuƙo iska ta cikin kwalaye, sun ce in na kawo da yamma zuwa safiya kayan sun sauka. Kifi kuma na bar maganarsa.

Baba, saura abu ɗaya. Ma'aunin da ake soka wa ɗan itace don a ji zafin cikinsa, daga kwali nawa zan gwada kafin in ce a fara lodi? Kuma in na tarar na tsakiyar falet yana 14, na gefe yana 12, in loda ko in jira?

Tsohon Makaniki ya amsa:

Kowane falet ki gwada, kuma daga kwalin tsakiya, don shi ne ke ƙarshen yin sanyi. Ki soka har kusa da ƙwallo, ki jira lambar ta tsaya, ki rubuta a takarda da lambar falet ɗin da lokaci, direba ya sa hannu. In 14 ne ki jira. Direban zai yi ƙorafi, ki biya shi kuɗin awoyin da ya zauna.